Yadda Gudan Jini Ke Ginuwa a Bakin Rauni

Mutane da yawa sun ɗauka jini bushewa kawai yake yi idan ya tsaya a bakin rauni. Alhali kuwa gudan jini gini ne mai tsari, kuma wanda ya san tsarin ba zai rushe shi da hannunsa ba.

Da zarar an yanke jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai ta tsuke. Nan take waɗansu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ɓargo ke samarwa, waɗanda likitoci ke kira filatilet, su manne a bakin yankan. Na kusa da raunin sukan cushe sosai, na bayansu kuwa sako-sako suke, jini mai wucewa ma yana iya kwashe su. Wannan toshiyar farko ba ta da ƙwari.

Ƙwarin yana zuwa daga fibirinojin, sinadarin da hanta ke zubawa cikin jini. Wani sinadarin, tirombin, shi ke mai da shi zare-zare, su sarƙe kamar komar masunta, su kama jajayen ƙwayoyin jini. Da yake jinin wannan jijiya a hankali yake tafiya, jajayen da ke maƙalewa suna da yawa, shi ya sa gudan ke yin ja sosai. Daga nan filatilet su ja zaren, gudan ya matse, ruwa mai ɗan rawaya ya tsattsafo. Jajayen ƙwayoyin nan su matsu har su yi kusurwoyi, su haɗe ba kafar yoyo.

To, wannan aiki mintuna yake ci. Saboda haka a sami tsumma mai tsabta, a danne raunin minti 10 ba ɗagawa. Mai yawan leƙawa ya ga ko jinin ya tsaya, shi ke ɓalle zaren tun bai kama ba. Ƙasa da toka kuwa ba su da gurbi a nan, ƙwayoyin cuta kawai suke ƙarawa.

Wani lokaci gudan kan taru a cikin jijiya, inda ba a bukatarsa. Tun 1856 likitan Jamus Rudolf Virchow ya yi bayanin yadda irin wannan gudan ke ɓantarewa ya tafi huhu. Mai jego, da wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya daɗe kwance, su suka fi shiga haɗarin. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, musamman sharaɓa, kada a yi mata tausa. A tafi asibiti a ranar.