Kada Ku Fitar Da Shukar Ɗaki Rana Farat Ɗaya

Da yawanmu kan sayi shuka a tukunya wajen masu fulawa na bakin titi, ko sunanta ba mu tambaya ba. Ta yi watanni a falo, sai rana ɗaya a girke ta tsakar gida. Kafin kwana biyu ganyen ya koɗe, ya ƙone, domin ganyen da ya saba da inuwa ba ya jure zafin rana kwatsam.

Da farko ku san abin da kuke reno. Mai kaurin ganye, kamar alobera, tana son haske da ƙarancin ban-ruwa. Mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari, wato difenbakiya, inuwa take so, kuma ruwan jikinta na kumbura baki, don haka a nisanta ta da yara.

In za ku fitar da shuka mai son haske, ta fara mako guda a baranda ko gindin bishiya, sannan hantsi na awa ɗaya, kuna ƙarawa sannu a hankali. Ku kare ta daga iskar hunturu. Kafin mayarwa ɗaki, ku duba bayan ganye ko akwai ƙwari, ku tabbatar tukunyar na da huji a gindi. Ruwan da ya kwanta yakan ruɓar da saiwa.