Katin 'Yan Wasa: Me Ke Sa Guntun Kwali Ya Yi Daraja?

A cikin watan Agusta na 2022, an yi gwanjon wani ɗan kati mai ɗauke da hoton Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan besbol na Amurka, a kan dala miliyan 12.6. Wanda ya sayar da shi, dala 50,000 ya biya lokacin da ya saye shi a 1991. Kamfanin Topps ne ya buga katin a 1952, zamanin da ake haɗa irinsa da cingam a sayar wa yara.

Asalin harkar daga kamfanonin taba ne. Cikin shekarun 1880 sukan sanya kwali a fakitin sigari don kada karan ya karye, sannan suka riƙa buga hotunan 'yan wasa a kansa domin jawo masu saye. Daga 1909 zuwa 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin katuna, amma aka dakatar da buga na wani ɗan wasa, Honus Wagner, tun da wuri. Kaɗan ne suka shiga hannun jama'a. Ɗaya daga cikinsu ya kai dala 451,000 a 1991, wani kuma dala miliyan 7.25 a 2022.

Ke nan ƙarancin abu shi ne ginshiƙin farashinsa, kuma tsufa kaɗai ba ya wadatarwa. Da jama'a suka ga ana samun riba a ƙarshen shekarun 1980, sai suka yi ta sayen sababbin katuna suna ɓoyewa, kamfanoni kuma suka yi ta bugawa babu iyaka. Akasarin katunan wancan lokaci yau ba su da wata daraja a kasuwa. Ɗan kasuwar da ya taɓa ɓoye hatsi a shekarar da damina ta yi albarka ya san irin wannan asara.

Abu na biyu shi ne lafiyar katin. Tun 1991 kamfanin PSA yake duba kati, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, kuma maki ɗaya kan iya ninka farashi. Amma a nan ma sai da hattara. Katin Wagner ɗin nan na 1991 shi ne na farko da PSA ya duba, ya ba shi maki 8. A 2013 wani dillali, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefunansa don ya ƙara masa kyau kafin ya sayar.