Amsar Tambaya: An Mayar Da Ni Ɗakin Masu Jego

Tambaya: Anti, ni sabuwar nas ce, an mayar da ni ɗakin masu jego. Me zan fi sa wa ido?

Amsa: Ƙanwata, jini za ki fara kula da shi. Awa 24 na farko su ne mafi haɗari. Ki riƙa ɗora hannu a marar mai jego. In mahaifa ta yi laushi, ko audugarta na jiƙewa sharkaf, ki murza mahaifar ki kira likita nan take. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi kuwa, awon hawan jini suke nema, don jijjiga na iya zuwa bayan haihuwa.

Jariri a sa shi a nono cikin awar farko. Dakashin da ake matsewa a zubar, shi ne kariyarsa. Cibiya chlorhexidine za a shafa mata, ban da toka ko man goge baki.

Aikin da ya fi wuya yana wajen kakar jariri. Kada ki yi mata gatsali. Ki gaishe ta, ki ce "Mama", ki nuna mata cewa yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai ƙuna na iya wahalar da zuciyar mai jego. In ta gamsu, ita za ta tsare maganarki a gida.