Tanis a kan keken guragu: kira ga 'yan'uwana masu horarwa

Ina koyar da wasan tanis, kuma tambayar da iyaye suka fi yi mini idan suna da yaron da shan inna ta taɓa ita ce: "Malam, shi ma zai iya?" Ƙwarai kuwa. Filin shi ne dai, ragar ita ce dai, raket ɗin ma haka. Babban bambancin a doka ɗaya ne: an yarda ƙwallo ta dira ƙasa sau biyu kafin mai keke ya buge ta, dirar ta biyu ko a wajen layi ce babu laifi. Shi ya sa mai keke kan kara da mai gudu da ƙafa, shi da dira biyu, wancan da ɗaya.

Abin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke, Brad Parks, ya faro shi a 1976 bayan ya yi haɗari a wasan zamiya kan ƙanƙara, kuma a 1992 wasan ya samu cikakken gurbi a gasar nakasassu ta duniya a Barcelona. Esther Vergeer 'yar ƙasar Holan ta ci wasa 470 a jere kafin ta yi ritaya a 2013. Kgothatso Montjane ta Afirka ta Kudu ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2021.

Inda masu horarwa suka fi yin tuntuɓe shi ne gaggawar koyar da bugu. Ni da keke nake farawa. Sai ɗalibi ya iya tura taya da raket a hannunsa, ya iya juyawa, ya saba da kada keken ya tsaya cik, domin tayar da shi daga tsaye yana cin lokacin da ƙwallo ba za ta jira ba. Daga nan sai ƙwallaye masu laushi, ja ko ruwan lemo, irin waɗanda muke fara wa yara da su, a rabin fili. Shi kansa kocin ya hau keke ya gwada. Wanda bai taɓa zama a kai ba yakan jefa ƙwallo inda hannu ba zai kai ba.

Keken wasa na musamman, mai tayoyi a karkace da ƙaramar taya a baya don kada ya kife, yana da tsada, ban musa ba. Amma keken gida ya isa a fara da shi.

Sai batun zafi, wanda ba na wasa da shi. Wanda ya ji rauni a lakar bayansa sau da yawa ba ya yin gumi yadda ya kamata daga wurin raunin zuwa ƙasa. A watan Maris da Afrilu, atisaye sai da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa da inuwa a kusa. Kuma a tambayi ɗalibi abin da jikinsa ke iyawa, ya fi kowa saninsa. Kada a kama masa keke a tura sai ya nema.

Makafi ma suna da nasu: a 1984 Miyoshi Takei na Japan ya ƙirƙiro tanis da ƙwallo mai ƙara, wanda ba ya gani sam ana ba shi dira uku.

A ganina shingen da ya fi girma yana bakin ƙofa: matakala, ƙofar fili mai ƙunci, banɗakin da keke ba ya shiga. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Najeriya a 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika. Shugabannin kulob, a zuba gangaren siminti a faɗaɗa ƙofa. Mu kuma masu horarwa, kowa ya ware ko da yammaci ɗaya ne a mako, ya je ƙungiyar nakasassu ta unguwarsu ya gayyato su da kansa.