Mabuɗin Akwatin Imel Na Ƙungiya Ya Ɓace: Yaya Za Mu Yi?

Darasi domin taron wata na ƙungiyoyin manoma

A wannan wata ba za mu yi maganar taki ko maganin ƙwari ba. Za mu yi maganar wani rumbu wanda ba a gina shi da laka ba, watau akwatin imel na ƙungiya. Muna roƙon sakatare ya karanta darasin da ƙarfi, a hankali, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji.

ABIN DA YA FARU

Akwai wata ƙungiya da muke ziyarta a wani ƙauye bayan Shika. Sun buɗe imel ɗinsu fiye da shekara 15 da suka wuce. A lokacin sakatarensu yakan hau mota ya zo PZ cikin Sabon Gari, unguwar da ta samo sunanta daga tsohon kantin Paterson Zochonis. Ya biya kuɗin awa ɗaya a kafe, ya duba wasiƙu, ya koma gida. Da kwamfuta ta nemi lambar waya, sai ya sa tasa, gama shi kaɗai ke da waya a cikin kwamiti.

Shekara da shekaru akwatin yana ta cika. A ciki akwai sunayen 'yan ƙungiya, da hoton takardar rajista, da rasit, da wasiƙun masu sayen masara da waken soya.

Ana nan sai aiki ya kai sakataren Kafanchan. Ya bar wa magajinsa kalmar sirri a kan takarda. Sabon sakatare ya rubuta ta daidai a wayarsa, amma akwati ya ƙi buɗuwa. Ya ce bai san wannan waya ba, ya aika da lambar tabbatarwa zuwa layin da aka sa tun farko. Ashe wayar tsohon sakatare ta daɗe da ɓacewa a kasuwa. Bai nemi layin ba, sabo ya saya. Da suka kira tsohuwar lambar, wani baƙo ne ya ɗauka.

Sati biyar suka yi kafin akwati ya buɗu. Suka tarar da wasiƙa daga masu ba da ingantaccen irin masara bashi, ana neman sunayensu cikin sati biyu. Lokaci ya riga ya wuce. A daminar nan kowa ya sayi iri a kasuwa da kuɗin hannunsa, waɗansu kuwa suka shuka na bara.

Bari mu lura: ba wanda ya yi sata, ba wanda ya ci amana. Mabuɗi ɗaya ne kawai, a aljihun mutum ɗaya.

DON ME AKWATI KE KULLEWA?

In akuyarka ta ɓace aka same ta, mai unguwa ya san ka, maƙwabta za su yi maka shaida. Kamfanin imel kuwa yana Amurka, bai san fuskarka ba. Yawanci inji ne ke yanke hukunci. Abin da ya sani shi ne kalmar sirri, da layin wayar da aka sa, da imel na biyu, da wayar da aka saba shiga da ita. Waɗannan su ne shaidunka. Ga manyan dalilai huɗu da ke kawo kullewa.

1. An manta kalmar sirri, ko kuwa an shiga da baƙuwar waya, inji ya yi tsammani ɓarawo ne.

2. Layin waya ya fita hannu. Wannan ya fi damunmu a Nijeriya. A watan Disamba 2020 gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. A watan Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Hukumar sadarwa ta NCC ta sa 14 ga Satumba 2024 ta zama ranar ƙarshe. Banda haka, layin da ya yi wajen shekara guda ba a amfani da shi, kamfanin waya yana da iko ya ba wani.

3. An daɗe ba a buɗe akwatin ba. A 2023 Google ya sanar cewa akwatin da ya yi shekara 2 ba a taɓa shi ba ana iya share shi da dukan abin da ke ciki, tun daga watan Disamba na shekarar. Microsoft, mai Hotmail da Outlook, shi ma yana da irin wannan doka. Yahoo kuwa wata 12 ne. A 2013 har ya raba wa sababbin mutane sunayen akwatunan da suka yi shekara ba a shiga ba.

4. Ɓarayi sun shiga sun canja kwaɗo. A 2017 Yahoo ya bayyana cewa satar bayanai da aka yi masa a 2013 ta taɓa dukan akwatunansa, wajen biliyan 3. Wanda bai canja kalmar sirri tun lokacin ba, ƙofarsa a buɗe take.

HANYAR BUƊEWA

Mataki na ɗaya: mu dakata. Kada mu yi ta rubuta kalmomi barkatai. Yawan kuskure yakan sa inji ya rufe ƙofa na wani lokaci.

Mataki na biyu: mu sanar da abokan hulɗarmu tun ranar. Mu rubuta wasiƙar hannu, ko mu buga waya, ko mu aiki mutum zuwa ga dukan waɗanda suka saba aiko mana da saƙo. Mu ce akwatinmu ya kulle, ga lambar shugaba. Wannan shi ne abin da ƙungiyar nan ba ta yi ba. Da mutum ɗaya ya hau mashin ya kai labari, da ba su rasa iri ba.

Mataki na uku: mu tara shaida. Mu nemi dukan waɗanda suka taɓa riƙe akwatin. Mu rubuta tsofaffin kalmomin sirri da suka tuna. Mu nemi tsohuwar waya ko kwamfuta da aka saba shiga da ita. Sau da yawa akwatin yana nan a buɗe cikin wata tsohuwar waya da aka jefa a jaka. Da tsohuwar zuma ake magani. Kada a goge wayar, kada a sayar da ita.

Mataki na huɗu: mu bi ƙofar kamfanin da kansa. A ƙarƙashin gurbin rubuta kalmar sirri akwai wurin da ake dannawa in an manta da ita. Ga masu Gmail, adireshin shi ne g.co/recover. Mu yi amfani da wayar da aka saba, a wurin da aka saba shiga. In an tambayi kalmar sirri ta ƙarshe da muka tuna, mu rubuta wadda ta fi kusa. Gara amsa mai kama da gaskiya da barin gurbi wofi.

Mataki na biyar: in an aika da lamba zuwa layin da ba mu da shi, mu danna wurin da ke cewa a gwada wata hanya. Ta nan ƙungiyar ta tsira. Inji ya nuna haruffan farko na wani imel na biyu, sauran ya rufe su da taurari. Aka yi ta tunani, sai ma'aji ta gane sunan 'yarta ne. Tun tana ɗaliba a Jami'ar Ahmadu Bello ta taimaki tsohon sakatare, ta sa nata imel ya zama madogara. Aka neme ta, lambar ta shiga wajenta, akwati ya buɗu.

Mataki na shida: mu nemi layin, in yana samuwa. Idan ba a riga an ba wani ba, mai layin da kansa zai je ofishin kamfanin waya da NIN ɗinsa a yi masa abin da ake kira walkam bak, a ba shi sabon sim mai tsohuwar lamba. Ba a aika wani a madadinsa haka kawai. Idan kuwa layin ya riga ya koma hannun wani, to, ya tafi. Kada mu roƙi baƙo ya karanto mana lambar tabbatarwa, gama mun nuna masa ke nan yana riƙe da mabuɗin rumbunmu.

Mataki na bakwai: haƙuri. Wani lokaci kamfani yakan jinkirta kwanaki kafin ya ba da amsa, domin ya ba mai akwati na ainihi zarafin hanawa in ɓarawo ne ke nema. In an ƙi mu yau, mu huta, mu ƙaro shaida, mu sāke gwadawa.

Mataki na takwas: da zarar mun shiga, kada mu tsaya karanta wasiƙu tukuna. Mu canja kalmar sirri. Mu cire tsohon layi, mu sa sabo. Mu sa imel na biyu. Mu duba jerin wayoyin da ke cikin akwatin, mu fitar da wadda ba mu sani ba.

HATTARA DA MACUTA

Mai neman abin da ya ɓace, shi ne mai sauƙin cuta. Za mu ga lambobin waya a intanet, ana cewa a biya kuɗi a buɗe akwati nan da nan. Ƙarya ce. Google ba ya buɗe akwatin Gmail na kyauta ta hanyar kiran waya, ba ya kuma karɓar kuɗi domin wannan aiki. Duk wanda ya kira ka ya ce ka karanta masa lambar da ta shigo wayarka, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunanka da na ƙungiyarka.

Ba laifi ba ne mu nemi taimako wajen masu kafe a PZ ko Samaru. Da yawa sun san aikin, suna kuma da amana. Amma mu je mu biyu. Mu zauna kusa. Mu rubuta kalmar sirri da hannunmu. Kada mu yarda a sa lambar mai shago a maimakon tamu, gama haka matsalar ke somawa. In an gama, mu fita daga akwatin sarai kafin mu tashi.

IN YA ƘI BUƊUWA

Gaskiya ita ce, ba kowane akwati ke dawowa ba. Mun san wata ƙungiyar mata da ba ta da layi, ba ta da imel na biyu, ba ta da tsohuwar waya. Nata ya tafi ke nan. In an yi wata guda babu alamar nasara, kwamiti ya buɗe sabon akwati, ya sanar da kowa a rubuce cewa tsohon ba namu ba ne kuma. Mu gargaɗe su kada su biya kuɗi ga duk wanda ya rubuto musu daga tsohon adireshi. Sa'an nan mu roƙi abokan hulɗa su sāke aiko mana da muhimman takardun da ke wurinsu.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ba mu barin mabuɗin shagon taki a hannun mutum ɗaya. Ba a cire kuɗin ƙungiya a banki sai da sa hannun mutum biyu. Haka ya kamata mu yi da imel. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta rubuta waɗannan dokoki cikin littafin taro.

1. Mabuɗi biyu a hannu biyu. Layin waya na sakatare, imel na biyu na ma'aji ko shugaba.

2. Layin ya kasance an haɗa shi da NIN na mai riƙe da shi, ana kuma sa masa kati ana kira da shi kowane wata.

3. Masu Gmail da suka kunna tabbatarwa mai mataki biyu suna iya fitar da lambobin ajiya guda 10, kowace mai alƙalami 8. Kowace tana buɗe akwati sau ɗaya ko babu waya. A rubuta su tare da kalmar sirri, a sa cikin ambulan, a manne, a ajiye cikin akwatin ƙarfe na ƙungiya. Ajiya maganin wata rana.

4. A buɗe imel a gaban jama'a a kowane taron wata, a karanta wasiƙun da suka shigo.

5. A buga muhimman takardu a kan takarda, a sa cikin fayil.

6. Ranar da sakatare zai sauka, sabo da tsoho su zauna tare su canja layi da kalmar sirri, sabon ya shiga da wayarsa a gaban kwamiti. Google yakan ci gaba da sanin tsohon layi har kwana 7 bayan canji, saboda haka a yi wannan tun tsohon sakatare bai bar gari ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Layin wa aka sa a imel na ƙungiyarmu? Yana aiki yau?

2. In sakatarenmu ya yi tafiya gobe, wane ne zai iya buɗe akwatin?

3. Waɗanne takardu ne muke da su cikin imel kaɗai, babu su a fayil?

4. Su wane ne za mu sanar a rana ta farko in akwatinmu ya kulle? Muna da lambobinsu a rubuce?

5. Wani ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfanin imel ne, yana neman lambar da ta shigo wayarka. Me za ka ce masa?

AIKIN WANNAN WATA

Kafin a tashi daga taro, sakatare da ma'aji su buɗe akwatin tare, su duba layi da imel na biyu da ke ciki, su gyara abin da ya tsufa. Aikin bai fi minti 15 ba. Kowane ɗan ƙungiya mai imel na kansa ya yi haka in ya koma gida, ya kuma taimaki maƙwabcinsa. Sa'ad da muka zo ziyara, za mu so mu ga ambulan ɗin nan cikin akwatin ƙarfe.

Sai mun sadu a darasi na gaba. A gaishe da mutanen gida.