Iska a Hanyar Man Dizal Bayan An Sake Ƙaramin Famfo

Sau da yawa takarda takan iso gaban Hakimi a farkon damina, ana roƙon kuɗin sayen babban famfon mai, watau wanda makanikai ke kira injekta, wai an sake wa tarakta ko babbar mota ƙaramin famfo amma inji ya ƙi tashi, ko kuwa ya tashi ya yi ɗan aiki ya mutu. Kafin magatakarda ya shigar da wannan roƙo cikin littafi, ya kamata a tambaya ko an fid da iska, gama babban famfo ya fi ƙaramin tsada nesa ba kusa ba.

Aikin ƙaramin famfo shi ne ya tsotso mai daga tanki ya tura shi cikin matata, daga nan ya wuce babban famfo, wanda ke danna shi da ƙarfi ya fesa cikin inji. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka in kumfa ta shiga, sai famfo ya yi ta danna ta a banza, bakin feshi bai buɗe ba.

Abin da ke ruɗin direbobi shi ne, iskar takan shiga ta inda mai ba ya zuba. Tsakanin tanki da ƙaramin famfo tsotso ake yi, musamman inda tanki yake ƙasa da inji. Mahaɗa takan kasance a bushe ƙamas, alhali kuwa tana shan iska. Galibi laifin tsohuwar wosha ce ta jan ƙarfe da aka mayar don tsimi, ko noti da ya hau a karkace, ko tiyo da ya tsage sa'ad da ake ja. Lalle a sa sababbin wosha, a fara ɗaura noti da yatsu, kana a ƙarasa da sifana. In ana shakka, a haɗa guntun tiyo mai nuna abin da ke cikinsa a bakin famfo, a duba ko kumfa tana wucewa.

Sa'an nan a fid da iskar bi da bi. A sassauta ƙusar da ke kan matata, a yi ta danna ɗan hannun da ke jikin ƙaramin famfo, irin wanda injunan Perkins suke da shi, har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. In hannun ya yi sako-sako, a juya inji zagaye ɗaya a sake gwadawa. A yi haka nan ga ƙusoshin babban famfo. Daga baya a sassauta notin bututun ƙarfe a wajen bakin feshi, a buga inji kaɗan kaɗan don kada batir ya ƙare, har mai ya tsarto, a ɗaure. Nan fa kada kowa ya kai hannu, domin man da ke fita da wannan ƙarfi yana iya huda fata.

Kada a sallami makaniki ran nan. A bar inji ya kwana. In da safe ya ƙi tashi sai an danna hannun famfo, to, akwai sauran kafa, sai a koma kan mahaɗa ɗaya ɗaya tun daga tanki.