Wuta, Mai Gyara da Tasha: Abin da Za Ki Fara Gobe da Safe

Ƙanwata, mu raba matsalolin nan gida biyu. Akwai waɗanda suka fi ƙarfinki: yaushe za a kawo wuta, nawa litar fetur za ta kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, yaushe motar tasha za ta cika. Waɗannan ki bar wa Allah da hukuma. Sauran kuwa a hannunki suke, kuma su ne suka fi yawa. Daga Dalijan zuwa Kambaza, daga Diggi zuwa cikin garin Kalgo, duk a jihar Kebbi, kukan ɗaya ne: fitila ta mutu, fanka na jan ƙafa, mai gyara ya ce a dawo gobe. Kai ma ƙanena kada ka wuce, da rabonka a ciki.

1. Zaga ɗakuna ki duba ƙwayayen lantarki. Duk tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda ba ya taɓuwa don zafi, cire shi ki sa LED. Mai wat 9 zai ba ki hasken da tsohon mai wat 60 ke bayarwa, kuma ba zai ƙara wa ɗakin zafi ba. In kin je saye, a gwada a gabanki kafin ki miƙa kuɗi. Ki rubuta ranar saye a gindinsa da maka. Bayan wata shida za ki san wane iri ne ke daɗewa, wane ne na kwana kaɗan. Araha ba ta ado.

Wurare uku ne suka fi bukatar ƙwai mai caji, wanda ke ci gaba da haske bayan an ɗauke wuta: madafi, makewayi da ɗakin yara. Makewayi ne kan gaba. A bazara kunama ke fitowa da dare, kuma yaro ba ya tsayawa neman tocila.

2. An ɗauke wuta? Tashi ki kashe firji, talabijin da injin jan ruwa daga soket. Ki bar ƙwai ɗaya a kunne ya zama ɗan saƙo. In an dawo da ita, ki ba ta minti 5 ta daidaita kafin ki kunna kaya masu tsada, domin zuwan farko shi ke ƙona su.

Ki kuma koyi karanta wutar da ido. In ƙwai ya yi dishi-dishi, fanka na juyawa da ƙyar, wutar ba ta da ƙarfi. Firji da injin ruwa su huta. In kuwa haske ya yi tsananin da ba ki saba gani ba, wani ɗaki ƙal, wani ɗaki duhu-duhu, kada ki tsaya murna. Kashe babban makunni nan take, a kira mai wayarin.

3. Sola tana son kulawa, ba saye kawai ba. Nan ne mutane ke asarar kuɗi ba su sani ba. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ke rufe farantin, sai a ce batir ya mutu, alhali rana ce ba ta samun shiga. Gobe bayan asuba, kafin rana ta ɗaga, sa yaro mai hankali ya hau da tsumma mai laushi da ruwa zalla. Ban da omo, ban da soson ƙarfe. Kada a watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana yana zafi, gilashin na iya tsagewa.

Yana sama kuma ya duba inuwa. Reshen dogon yaro guda, ko ƙarfen eriya da ya gitta kusurwa ɗaya, ya isa ya rage ƙarfin farantin gaba ɗaya. Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan karkace, don ruwan sama ya riƙa wanke shi.

Batir kuma zafi ne ajalinsa. Kada a ajiye shi a ɗakin kwano da ba iska. In mai ruwa ne, a duba ruwan duk wata, a ƙara ruwan batir na kanti, ba na rijiya ko na leda ba. Kada ki riƙa tatse shi har ya mutu murus kowane dare. Ki tsaya a wajen rabi, zai yi miki shekaru. Dutsen guga da hita ba su da hurumi a kan inbata, ko da maigida ne ya makara.

In yanzu kike shirin saye, yi lissafi a takarda kafin ki je kasuwa. Ki ninka wat da awa: ƙwai 4 masu wat 9 na awa 5 sun ci 180. Fanka ɗaya mai wat 60 na awa 8 ta ci 480. Kin ga ashe fanka ce mai cin, ba fitila ba. Don haka fankar sola mai cin wuta kaɗan ta fi miki ƙarin batir riba. Da wannan takardar a hannu, mai shago ba zai sayar miki da abin da ya fi bukatarki ba, ko wanda ya gaza ta.

4. Fankar silin da ta rage gudu yawanci ba ta mutu ba. Ɗan kapasito ne ya gaji, wani ƙaramin abu baƙi mai wayoyi biyu a samanta, bai kai girman gidan ashana ba. Canza shi aikin minti kaɗan ne. Kada wani ya ce sai an sake naɗin waya kafin a gwada wannan. A goge ƙurar fukafukan a lokaci guda. Yi yanzu, kada ki jira Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kowa na neman mai gyara.

5. Janareto a waje, nesa da taga. Ba a zaure ba, ba a lungun ɗaki ba, ko da ana ruwa, ko da ana tsoron ɓarayi. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutum na barci take ɗauke shi. A saya masa sarƙa da kwaɗo, a yi masa 'yar rumfa. Kuma ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi.

6. Yanzu ga mai gyara. Akwai na kirki da yawa, masu tsoron Allah, kuma in kin samu irinsu ki riƙe da kyau, ki biya su a kan lokaci. Amma ko da na kirkin, a yi magana a fili tun farko.

Ki tambaye shi abu uku kafin ya kwance ko da kusa ɗaya: me ya lalace, nawa ne kayan, nawa ne kuɗin hannu. A raba su biyun. In ya ce, "Hajiya, bari dai in buɗe mu gani," ki amsa, "To Malam, ka buɗe, amma ka kira ni kafin ka sa wani abu." Kuɗin kaya kawai za ki bayar a farko. Kuɗin hannu sai an gwada a gabanki ya tashi.

Ki ce a dawo miki da tsohon abin da aka cire. Ba zargi ba ne, ki faɗa da murmushi. Wanda ya san za a nemi tsohon ba zai ce ya canza abin da bai canza ba. In "gobe" ta kai uku, je ki ɗauko kayanki cikin mutunci. Kayan da ya kwana wata a shago, ana fara ciro sassansa a gyara na wasu.

In waya ce, cire sim da memori kafin ki miƙa. Danna *#06# ki rubuta lambar da ta fito, ita ce shaidar wayarki. Hotunanki da saƙonninki ba na kallon shago ba ne, don haka gyaran da zai yiwu a gabanki, zauna a yi.

7. Takardar kuɗin wuta kuma ki karanta ta, kada ki cusa a ƙarƙashin katifa. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Kebbi, tare da Sakkwato, Zamfara da Kaduna. A tsarin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, kowane layi na da rukuni: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma kuɗin ya danganta da rukunin. Duba naku. Sannan ki rataye kalanda kusa da mita, a riƙa rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke. Ƙorafi da baki iska ce. Rubutu shi ke da nauyi.

In akwai kuka, a rubuta wa ofishin kamfanin, a karɓi kwafi mai hatimi. Ka'ida ta ba su kwanakin aiki 15. In shiru, a wuce wa dandalin sauraron ƙorafi na NERC. Hukumar ta sha faɗa cewa sayen taransifoma da turaku ba nauyin mai amfani da wuta ba ne. Na san unguwa kan gaji da duhu ta yi karo-karo. In ya zama dole, to a yi a gaban mai unguwa, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, a karɓi rasit.

8. Kai kuma mai babur, ko naka ne na hawa ko kabu-kabu kake yi tsakanin Kalgo da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, minti 5 na safe sun fi awa guda a bakin hanya kana turi. Duba iskar taya tun tana da sanyi. Duba baƙin mai a sandar awo. Taɓa sarƙa ka ji ko ta saki. A hunturu kakkaɓe matatar iska duk mako, don in ta toshe mashin ya fi shan mai, kai kuma ka yi ta zargin mai bumburutu. A hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, manyan motocin shinkafa da albasa ba sa tsayawa nan take. In ba ka hango madubin direba ba, shi ma bai gan ka ba.

9. Mai sammako ba ya kwana a tasha. In kina da asibiti ko banki a Birnin Kebbi, fita bayan sallar asuba, motar farko ta fi saurin cika. Kafin ki biya, leƙa but. Mutum biyar a zaune amma ba jaka ko buhu ko ɗaya? Wataƙila 'yan cika ido ne, za su sauka ɗaya bayan ɗaya kina zaune. A ji kuɗin kaya da ɗan kamasho kafin a ɗaure, ba bayan an ɗaure ba.

Ki riƙe canji a hannu, don netwok ba ya alƙawari. In mai POS ya ce kuɗin bai shiga ba alhali an cire miki, karɓi takardar da injin ya fitar, ki ɗauki hotonta a take, domin rubutun jikinta na gogewa cikin 'yan kwanaki, musamman a jakar da ta sha rana. Da hoton da saƙon cirewar za ki je banki.